Aku Ta Ci Wasan Shiru

Ni na sa wa yarinyar nan suna Aku, kuma ban zalunce ta ba. Tun kafin ta iya riƙe cokali take surutu. Uwarta ƙanwata ce, autarmu, shago ɗaya muke ɗinki da ita, kekena a bakin ƙofa, nata a can ciki kusa da teburin guga. A ƙarƙashin teburin yanka Aku ta girma, cikin ƙyallaye, tana ba kowa labarin da bai tambaya ba. Kwastoma ta shigo, kafin in ɗauko tef Aku ta riga ta gaya mata ta ƙara ƙiba. Akwai matar da ba ta sake kawo mana ɗinki ba saboda haka, kuma wallahi gaskiya yarinyar ta faɗa.

Tana cikin shekara ta huɗu abin ya fara. Da farko yawan faɗuwa ne, muka ce rawar kai ce ta yi mata yawa. Daga nan sai kalmomi suka fara ɓace mata. Ta nuna dutsen guga ta tsaya baki buɗe, tana laluben sunansa, can sai ta ce "abin nan". Yarinyar da ta san zif, ta san kwarkwaron zaren keke, har ta iya kwaikwayon yadda nake yi wa mai kawo yadi faɗa. Ran da ta sandare a ƙasa tana jijjiga, idanu a kafe, Auta ta sungume ta ta fita titi ko takalmi babu.

An yi ta yawo da mu. Wannan ya ɗebi jini, wancan ya sa ta cikin na'ura, wani ya ce mu dawo. A ƙarshe muka dace da wata likita a babban asibiti, siririya mai tabarau, wadda ta rufe ƙofa ta zauna kamar ba ta da wani aiki sai namu. Ina riƙe da Aku a cinyata, tana wasa da tef ɗin da na manta a wuyana.

"Wace sana'a kuke yi?" in ji likita.

"Ɗinki," muka ce tare.

"To kun rage min aiki. Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, ido ba ya ganinsu. Ku ɗauka kowace ƙwaya shagon ɗinki ce. Kayan da take ɗinkawa su ake kira furotin, da su take yin komai. Amma furotin yana tsufa, yana yagewa. Saboda haka akwai wani ɗan ma'aikaci a cikin shagon, ana ce masa feftidas. Ku dai ku kira shi almakashi. Aikinsa ya bi tsohon kaya ya farke shi guntu-guntu, a mai da zaren a yi sabon ɗinki. Almakashin 'yarku a dakushe aka haife ta da shi."

"To a wasa shi mana," in ji Auta da sauri.

"Maman Aku, da ana wasa shi, da yau ba ku fita ɗakin nan ba sai na wasa. Tunda ba ya yanka, ƙyallaye suna ta taruwa a shagon har su cushe shi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su suka fi jin jiki. Kuma idan jiki ya shiga wahala, kamar zazzaɓi mai zafi, kaya sukan lalace da yawa lokaci guda. A jikin mai lafiya sai ƙwayar ta ƙara hannu a share. Ita ko ta kira, babu mai amsa mata. Ku kiyaye ta daga wahala."

Auta ta tambayi abin da ni na kasa tambaya. "Maganarta fa, Likita? Za ta dawo?"

Likita ta cire tabaranta ta riƙe a hannu. Ta ce maganin da ke hannunsu na jijjigar ne kawai. Magana kuwa za ta ci gaba da raguwa, sannu a hankali, har ta ƙare. Ta ce masu bincike suna ta aiki, kada mu yanke ƙauna. Aku ta zare tef daga wuyana ta miƙa wa likita ta ce, "In auna ki?" Likita ta miƙa mata hannu ta auna.

A mota Auta ba ta ce uffan ba, ba ta kuma yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na san ƙanwata. Idan ta yi kuka ta haƙura ne, idan ta yi shiru kuwa lissafi take yi.

Washegari da safe na same ta ta riga ni buɗe shago. Ta share ƙasa ta tara ƙyallayen jiya wuri ɗaya, ta tsaya a kansu da tsintsiya a hannu.

"Yaya, ranar da ba mu yi ɗinki ba, ƙyalle nawa muke sharewa?"

"Wace irin tambaya ce wannan da sassafe? Babu mana."

"To. Mene ne aikin ƙwaƙwalwa in ba magana ba? Kowace kalma ɗinki ce. Kowane ɗinki kuma yana barin ƙyalle. In ba ta yi magana ba, me zai taru?"

"Auta, likita ba ta ce haka ba."

"Ta ce a kiyaye ta daga wahala. Ke ba kya ganin wahalar da take sha kafin ta nemo kalma ɗaya? Har jijiyar wuyanta tashi take yi. Adana mata zan yi, Yaya. Ranar da masu binciken suka samo magani, a tarar da sauran wuri a shagon."

Ni ma tela ce, kuma maganar ta zauna daram kamar an auna ta. Zuciyata dai ba ta yarda ba, amma zuciya ba ta iya kawo hujja.

Haka aka ƙirƙiro wasan shiru. Auta ta sayo kwalbar alawa ta ɗora a saman kantar shago inda Aku za ta riƙa hango ta. Doka ɗaya ce: a ɗora yatsa a leɓe, duk wanda ya fara magana ya faɗi, wanda ya daure ya ci alawa. Aku kuwa a duniya babu abin da take so kamar ta ci wasa. Ranar farko ko zare ban gama sawa a allura ba, Aku ta fashe da ihu, "Mama, na ci? Na ci?" Auta ta girgiza kai ta jefa alawar a nata bakin. Yarinyar ta yi kuka kamar ranta zai fita, uwar ta juya baya tana guga, hawaye na ɗiga a kan rigar mutane.

Amma Aku ba wawiya ba ce. Ta koya. Kafin wata ya zagayo tana iya kaiwa azahar ba ta ce komai ba. In tana son ruwa ta nuna, in tana son fita ta ja siket ɗin uwarta. Da ta ga Auta ta miƙa hannu saman kantar, sai ta buɗe tafin hannunta tana washe baki. Rediyon shago aka kashe shi aka sa a buhu. Yaran maƙwabta da ke zuwa ɗaukar ƙyalle don 'yar tsana, aka kore su. Kwastomomi suka koma raɗa. Wata tsohuwa ta shigo da yadinta, ta dube mu, ta dubi yarinyar da yatsa a baki, ta ce, "Rasuwa aka yi muku ne?" Na ce mata a'a, hutu muke ba kunnuwanmu.

Uban Aku direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Da can in ya kira waya, shi ke roƙon 'yar ta bar shi ya yi magana da uwarta. Yanzu Auta takan kara mata wayar a kunne, ya yi ta magana, ita tana gyaɗa kai. Wata rana ina jin muryarsa ta cikin wayar yana cewa, "Haba Maman Aku, gyaɗa kai ba ya zuwa ta waya. Ki bar ta ta ce min Baba kawai."

"Kana so ka ji muryarta yau, ko kana so in ka dawo ta gane ka?" in ji Auta.

Bai sake roƙo ba. Wa zai iya amsa irin wannan?

Ni dai abin yana cin raina. Ranar likita da nisa, tsakani kuwa sai karɓar magani ta tagar asibiti. Na taɓa tambayar mai ba da maganin ko surutu yana ƙara ciwon. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in tambayi likitanmu, ya kira na bayana.

Rannan zare baƙi ya ƙare mana, Auta ta fita sayowa a layin baya. Da ta sha kwana na sauko daga keke na durƙusa a bakin tebur. Na ɗauko wani jan maɓalli na ɗora a tafin hannuna.

"Aku, mene ne wannan?"

Ta ɗora yatsa a leɓe.

"Mama ba ta nan, ba a wasa yanzu. Gaya wa Inna."

Ta leƙa ƙofa. Ta dubi kwalbar alawa. Leɓunanta suka yi ta motsi kafin abin ya fito, da wata 'yar murya da ta dishe don rashin aiki.

"Ma... ɓalli."

Wallahi ji na yi kamar an zuba min ruwan sanyi. Na rungume ta. Ta kawo bakinta kusa da kunnena, ta tattaro duk ƙarfinta, ta ce, "Inna, kar ki gaya wa Mama."

Daidai nan inuwar Auta ta rufe ƙofa. Ta manta jakarta ne ta dawo.

Ba mu taɓa faɗa irin na ranar ba tun muna yara. Na ce mata ta mai da yarinya kurma da ƙarfin tsiya. Ta ce ni na fi son jin daɗin kunnena a kan ran 'yarta. Na ce ni ma 'yata ce, ni na goya ta ranar da uwarta ke kwance da ɗinkin tiyata a ciki. Sai ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Goyo daban, haihuwa daban, Yaya. Da kin taɓa haihuwa da kin sani." Ta san inda ta soka. Na koma kan kekena na yi ta taka shi babu yadi a ƙarƙashin allura.

Kamar da gangan, kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya rufe Aku, jijjiga ta dawo fiye da ta da. Ina ganin mura ce ta kwasa wurin wata kwastoma da ta yi ta atishawa a kanmu, amma wa zan gaya wa? Auta tana shafa mata jiƙaƙƙen tsumma, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Ta mai da kai ta ci gaba da shafawa. Daga ranar ban sake nuna wa yarinyar maɓalli ba.

Ta tashi daga zazzaɓin da tafiya mai tangaɗi. Wasan kuwa ta gwanance a kai, har ba ta taɓa faɗuwa. Kwalba ta ƙare aka sayo wata. Auta ta fara samun barci, har ta fara 'yar dariya. Takan dubi 'yar a ƙarƙashin tebur ta ce min, "Kin ga yadda ta natsu?" Ni kuwa natsuwar ce ke hana ni cin abinci.

Da ranar likita ta zo, Auta ta ɗinka wa Aku sabuwar riga mai aljihu biyu. Likita ta duba idanunta, ta buga mata gwiwa, ta sa ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Sannan ta ce, "Aku, yau ba za ki auna ni ba?"

Aku ta ɗora yatsa a leɓe.

Likita ta yi murmushi ta juya ga uwar. "Waɗanne irin kalmomi take faɗa yanzu?"

"Ba ta faɗin komai, Likita," in ji Auta, har da gyara zama. "Na hana ta. Tun ranar da kika yi mana bayani."

"Kin hana ta me?"

Auta ta zayyana mata komai, tiryan-tiryan, da ƙyallen da tsintsiyar da kwalbar alawa. Tana yi tana kallon fuskar likita, irin kallon ɗalibar da ke jiran a ce ta kyauta. Ni kuwa ina kallon hannun likita, na ga ta ajiye biro a hankali.

"Maman Aku," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Shagon da na gaya miki ba ya rufewa. Ko tana barci ana ɗinki a ciki, ana farkewa. Numfashi ma aiki ne, gani aiki ne. Ko ta yi magana ko ba ta yi ba, ƙyallen da zai taru zai taru."

"Amma kin ce wahala..."

"Zazzaɓi nake nufi, da rashin ruwa a jiki, da rashin barci. Ba magana ba. Magana ma so muke ta yi ta yi, domin abin da ake amfani da shi ya fi daɗewa a hannu. Ya kamata in fayyace muku tun ranar. Ki yi haƙuri."

"To waɗanda na adana mata fa?"

Likita ba ta gane ba, ta dube ni. Na ce, "Kalmomin take nufi."

"Ba sa ajiyuwa," in ji likita.

Auta ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna. Ta ce, "Yanzu akwai saura?" Likita ta ce ba za ta iya sani ba sai yarinyar ta gwada. Ta ce mu koma gida, inda ta saba, mu yi ta yi mata hira, mu kunna mata duk abin da take so. Ta ce wataƙila akwai. Na lura ba ta kalle mu ba da ta faɗi haka.

A mota Auta ta fara. Ta nuna mata taga, ta nuna mata kare a bakin titi, ta nuna mata babbar mota irin ta Baba. Mutane suna ta juyowa. Aku tana bin yatsan uwarta da ido, bakinta a rufe gam.

Ba mu je gida ba, shago muka wuce. Auta ta zaro rediyo daga buhu ta ƙure shi. Ta leƙa waje ta ƙwala wa yaran maƙwabta kira, suka tsaya daga nesa suna kallonta, ba wanda ya matso. Ta dawo ta zube a gaban tebur, ta kwaso duk abin da hannunta ya kai: zif, alli, kwarkwaro, almakashi.

"Aku, mene ne wannan? Wannan fa? Kin san shi ai, ke kike ɓoye min shi kullum. An tashi wasa, 'yar Mama. An gama. Kin cinye duka, babu wanda ya kai ki. Yanzu sabon wasa za mu yi, wanda ya fi surutu shi ya ci. Ce Mama. Ma-ma. Ko ki zage ni ma, ki ce Mama mummuna. Yaya, gaya mata an tashi!"

Na durƙusa na ce, "An tashi, Aku. Wallahi an tashi."

Yarinyar ta dube ni, ta dubi uwarta. Leɓenta na ƙasa ya ɗan motsa, mu duka muka daina numfashi. Ban sani ba ko kalma ce take nema ta rasa, ko kuwa tana ganin dabara ce muke yi mata don ta faɗi. Har yau ban sani ba. Sai ta ɗaga ɗan yatsanta ta ɗora shi a kan leɓen uwarta. Ta buɗe ɗaya hannun tana jiran alawa.

Auta ta daɗe a haka da yatsan a bakinta. Can ta tashi ta sauko da kwalbar, ta ɓare ɗaya ta sa mata a hannu. Ta kashe rediyo. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da kekena, ta jingina kanta da ƙafata kamar lokacin da take ƙarama.

"Yaya, ranar nan da na fita sayen zare. Me ta ce miki?"

"Ta ce maɓalli."

"Bayan shi fa? Na ji ta ƙara wani abu. Daga ƙofa na ji ƙarshensa, na ji ta ce Mama."

Na dubi Aku a ƙarƙashin tebur tana tsotsar alawarta. Na dubi ƙanwata.

"Cewa ta yi, 'Inna, ina Mama?'"

Auta ta rufe ido. "Yadda ta faɗa za ki faɗa min. Da muryarta."

Na ƙanƙantar da muryata na faɗa.

"Sake," in ji ta.

Na sake.